In gidan rediyo ya canza hannu a Legas, me ya sa shirin Hausa ne ke fara tafiya?

Duk wanda ya daɗe a Legas yana kunna rediyo ya san abin nan, tasha tana nan a lambarta, wani lokacin ko sunanta ba a taɓa ba, amma sai ka wayi gari muryar da ka saba ji babu ita, shirin da ake yi bayan isha'i an tura shi can tsakar dare, kafin wata biyu kuma ka nema ka rasa, sai kiɗa kawai ba ƙaƙƙautawa. In ka kai maganar majalisa a Agege ko Idi-Araba amsa ɗaya za a ba ka, ai dama ba sa son mu. Ni ban ce babu ƙyama a garin nan ba, akwai ta, kowa ya taɓa gani. Amma in muka tsaya a nan ba za mu taɓa gane abin da ke cin mu ba, domin sau da yawa abin da ya faru shi ne gidan ya canza hannu, sabon mai shi kuma ya zo da lissafin da ba mu a ciki.

Bari mu fara da yadda ake sayar da gidan rediyo ɗin ma. Kafin 1992 rediyo a Najeriya na gwamnati ne kaɗai, ko ta tarayya ko ta jiha. Zamanin Babangida ne aka yi doka mai lamba 38 ta 1992 wadda ta kafa NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, sai ga RayPower ta marigayi Raymond Dokpesi ta fara aiki a 1994 daga Alagbado, ita ce ta farko mai zaman kanta. Bayanta Rhythm ta Silverbird ta zo, Cool FM ta biyo a 1998, yau kuwa in ka murɗa rediyo a Legas da ƙyar za ka samu gurbin da babu tasha. To lasisin da ake ba su na shekara 5 ne, ana sabuntawa, kuma ba kamar mota ba ne da za ka miƙa wa wani takardu ku yi hannu ku rabu, doka ba ta yarda a miƙa shi haka nan ba tare da sanin hukuma ba. Shi ya sa abin da aka fi sayarwa shi ne hannun jarin kamfanin da ke riƙe da lasisin. Kamfani yana nan da sunansa, lambar tasha tana nan, masu juya shi ne suka canza, kai mai sauraro ba wanda zai sanar da kai. Kuma ba lallai sai ciniki ba, wani lokacin mai gidan ne ya rasu 'ya'ya suka gada, ko bashin banki ya yi yawa aka shigo da wani mai kuɗi ya karɓi kaso mafi tsoka, ko aka ba wani kamfani kwantiragin gudanarwa. Duk sakamakon kusan ɗaya ne, wanda ke yanke hukunci ya zama wani daban.

Shi kuma wannan sabon, abu na farko da zai buɗe littafin kuɗi ne, ba jadawalin shirye-shirye ba. Ya zuba kuɗi, wataƙila ma rance ya ci, yana so su dawo. Gidan rediyo kuwa yana cin kuɗi ko da masu sauraro ko babu, na'urar watsa shiri ba ta hutawa, janareta yana shan gas dare da rana, wutar ma in an samu tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin 'yan Band A, wato layin da aka fi ba wuta, naira 225 kan kowane yunit ba ta da sauƙi, ga albashi, ga kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin shiga da ake biyan NBC duk shekara, ga kuɗin sabunta lasisi. Wanda yake ganin wasa ne ya tuna Agustan 2022 lokacin da NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya kai naira biliyan 2.6, har da manya irin su AIT da RayPower da Silverbird a ciki, sai da aka je kotu aka kuma shiga tsakani kafin aka dakatar da matakin. In manya na haka ina ga ƙananan da ake sayarwa don sun gaza.

Kuɗin shiga kuma hanya biyu ce babba. Akwai tallan manyan kamfanoni, na layin waya, bankuna, taliya, lemo, 'yan caca, waɗanda ba sa zuwa da kansu sai ta hannun ejensi, wato kamfanin da ke raba musu talla a tashoshi. Sannan akwai sayar da lokaci, wato tasha ta yanka minti talatin ko awa ɗaya ta sayar wa wani ya yi abin da yake so a ciki, coci-coci, masu maganin gargajiya, 'yan siyasa, da masu shirye-shiryen yaruka. A ƙasar Yarbawa wannan sana'a ce babba, har ƙungiya gare su, FIBAN. To mu a tashoshin kasuwa na Legas, mafi yawan abin da muke kira shirinmu na Hausa a kashi na biyun nan yake. Ba tasha ce ta ɗauki mutumin aiki ba, shi ne yake sayen lokacin.

A nan nake so a tsaya a duba da kyau, don nan ne gizo ke saƙa. Ka ga mai shirin nan da kake ji da dare yana gaishe-gaishe cikin nishaɗi, da rana ba haka yake ba. Yana yawo ne da 'yar jaka a rataye, ya shiga Mile 12 tsakanin kwandunan tumatir da buhunan albasa yana jiran Alhaji ya gama lissafi da direba kafin ya samu ya gaishe shi, ranka ya daɗe wata ya ƙare fa, Alhaji ya zura hannu a aljihu ya ba shi abin da ya samu, ba risit ba komai. Daga nan ya wuce Oko-Oba wajen mahauta, gobe Alaba Rago, jibi wajen masu motocin dare na Kano da Sakkwato, da masu kamfanin Hajji da Umara, ya haɗa da kuɗin sanarwar ɗaurin aure da suna da maulidi da cigiyar yaro, ya tattara ya kai wa tasha. Wani watan ya cika, wani watan ya yi giɓi. Tsohon mai gidan ya san shi shekara da shekaru, ya san in azumi ya zo za a sayi lokacin tafsiri kuɗi su shigo, saboda haka yana ɗaga masa ƙafa, har rangwame yake masa wanda ba a rubuta a ko'ina ba. Duk yarjejeniyar ta baka ce da mutunci.

Mutumin Legas ya san abin da ke faruwa da ɗan haya in aka sayar da gidan da yake ciki. Sabon mai gida bai san ka ba, bai san kai ne ka gyara famfo da kuɗinka ba, abin da ya gani a takarda shi ne ɗakin nan ana biyan ƙasa da farashin unguwa kuma ana jinkiri. Haka sabon mai tasha yake kallon awar Hausa. Zai fito da sabuwar takardar farashi, ya ce a biya wata uku a gaba, ta banki, in ba haka ba ga wani fasto can yana jira da kuɗinsa a hannu. Bai kori kowa ba a baki, farashi ne ya yi korar. In kuma ya ɗan tausaya sai ya ce to a koma ƙarfe goma sha biyun dare, lokacin da mai talla ba zai biya ba don ya san masu sayen kayansa sun kwanta, daga nan shirin ya mutu da kansa.

Wannan kenan in ma sabon yana son ci gaba da sayar da lokaci. Da yawansu ba sa so, suna zuwa ne da masu ba da shawara da za su ce musu tashar nan ba ta da fuska, safe wani abu rana wani abu dare wani yare, ejensi ba za ta san wa take saya ba. Sai a ce a mayar da ita abu ɗaya tun safe har dare, misali kiɗan matasa, ko hira da Turanci, ko wasanni. Ba ma sai an sayar ba ake ganin irin wannan, lambar 102.3 da aka sani da Radio Continental ta koma Max FM a 2017, salon ya karkata ga kiɗa da nishaɗi, shawara ce daga sama kawai. To ina ga an samu sabon mai gida gaba ɗaya wanda ba shi da wata alaƙa da tsofaffin shirye-shirye. A irin wannan gyaran fuskar duk abin da bai yi kama da sabon salon ba fita zai yi, na Hausa, na Ibo, na Egun, har wasu na Yarbanci.

Me ya sa ejensi ba ta ganin mu? Wannan ita ce tambayar da ta fi damu na wallahi. Ejensi tana raba kuɗin talla ne bisa alƙaluman binciken masu sauraro, waye ke jin wace tasha, shekarunsa nawa, me yake samu. Irin wannan bincike an fi yin sa da mutanen da ke da adireshi tsayayye da lokacin amsa tambaya. Mai gadin da ke kwana a ƙofar gida a Lekki da rediyo a kunne har asuba, direban tirela da ke kwana a layi a Apapa, mai shayin Obalende da rediyonsa ke rataye a jikin teburi mutum goma na saurare lokaci guda, da wuya a iske su, alhali ba na jin akwai wanda ya kai su daɗewa da rediyo a kunne a garin nan. Sannan ga wani abu, ita ejensin tana nan Ikeja ko Victoria Island, tana kuma da kasafin tallan Hausa, amma a tunaninta Hausa tana Kano da Kaduna da Sakkwato, can za ta aika kuɗin, su Freedom Radio su karɓa. Kasafin Legas kuma na Turanci ne da Yarbanci da Broka. Bahaushen Legas sai ya faɗa tsakani, ba ya cikin lissafin can ba ya cikin na nan.

Abin da zai nuna maka maganar kuɗi ce shi ne masu Cool FM. Su ne suka buɗe Wazobia a 2007 da Broka zalla lokacin da ake ganin yaren bai dace da rediyo ba, ta kuma karɓu sosai, su ɗin ne kuma suka buɗe Arewa Radio a Kano da Hausa. Ka ga ba Hausar suke gudu ba, sun kai ta inda suka ga alƙaluma sun nuna kasuwa.

Akwai wani salon kuma da ke zuwa in mai sayen yana da tashoshi da yawa, wato haɗe su a riƙa yin shiri ɗaya daga wuri ɗaya ana watsa wa duka. Amurka ta riga kowa ganin ƙarshen wannan. A 1996 suka yi dokar da ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tashi daga tasha wajen 40 ya kai kusan 1,200. Mai gabatarwa ɗaya sai ya zauna a wani gari ya naɗi muryarsa, kwamfuta ta jera ta tsakanin waƙoƙi a garuruwan da bai taɓa takawa ba. A Janairun 2002 jirgin ƙasa ɗauke da iskar ammoniya ya kife cikin dare a garin Minot, kamfanin ne ke da tashoshin kasuwa shida na garin, aka kuma samu jinkiri wajen sanar da mutane ta rediyo, har yau ana jayayya kan laifin na wane ne tsakanin tashar da jami'an garin, amma maganar ta zama abin misali a kan haɗarin tashar da ba kowa a ciki. Ingila ma ta bi sahu, a 2019 kamfanin Global ya rufe shirye-shiryen safe na garuruwa a tashoshin Capital da Heart ya mayar da su shiri ɗaya daga Landan, a 2020 kuma Bauer ya haɗe tashoshin garuruwa da dama ƙarƙashin suna ɗaya, Greatest Hits Radio. Mu a nan Legas ce Landan ɗin, daga nan ake aika wa Abuja da Fatakwal da Kano, saboda haka 'yan uwanmu na gida su ne ke jin wannan ɓangaren, a sayi tashar garinsu su wayi gari ana ba su labarin cunkoson gadar Third Mainland.

Ɓangaren da ya taɓa mu kai tsaye shi ne na dare. Sabon mai gida yana son rage albashi, wuri mafi sauƙi kuma shi ne daga goman dare zuwa asuba. Ka shiga situdiyo a wannan lokacin ka ga fitila a kunne, kujera ba kowa, makirfo a rufe, allon kwamfuta ne kawai ke nuna waƙar da ke tafiya da wadda za ta biyo, wayar da ake kira tana ta ƙyalli ba mai ɗauka. Dare kuwa shi ne lokacinmu, lokacin da ɗan kasuwa ya rufe, mai gadi ya fara aiki. Kuma rediyo a wajenmu ba kiɗa ba ne kawai. A tuna rikicin Mile 12 na Maris 2016, ko lokacin da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, yadda jita-jita ta riƙa yawo a waya, wannan ya ce an kashe kaza wancan ya ce a tattara a gudu. A irin wannan ranar murya ɗaya da aka yarda da ita, tana magana da Hausa kai tsaye, ta kira Sarkin Hausawan unguwa ko shugaban kasuwa ya ce ga abin da ke nan ga titin da ba a bi, ta fi dubban saƙonnin WhatsApp amfani. Kwamfuta ba za ta yi wannan ba.

Sai siyasa. Doka ta hana ba jam'iyya ko ƙungiyar addini lasisi, amma ba ta hana ɗan siyasa shi kaɗai ya mallaki kamfani ba, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne, Dokpesi ya kasance jigo a PDP, Ben Murray-Bruce na Silverbird ya yi sanata daga 2015 zuwa 2019. Wani yana sayen tasha ba don riba ba sai don zaɓe mai zuwa. In irin wannan ne ya saya ba za ka ji an ce a daina faɗin gaskiya ba, a hankali ne za ka lura baƙin da ake gayyata sun canza, wasu labarai sun daina fitowa, mai kira in ya fara taɓa wani sai layi ya yanke. Abin mamaki shi ne irin wannan mai gidan yakan so shirin Hausa, musamman in zaɓe ya matso don ya san akwai ƙuri'a a Agege da Mile 12, sai ka ga an ba mu lokaci mai kyau har kyauta, ana gama zaɓe kuma a ɗauke. Shi kuma wanda ya zo don kasuwa tsoron shirin kiran waya yake, balle a yaren da ba ya ji, tun da aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya zuwa naira miliyan 5 a 2020, duk da cewa wata babbar kotun tarayya ta yanke a 2023 cewa NBC ba ta da hurumin cin tara. Manajan da bai iya Hausa ba, ba shi kuma da wanda zai saurara masa, ya fi masa kwanciyar hankali ya sa waƙa.

Ba kuma kullum canjin hannu ke zama sharri ba, dole a faɗi wannan. Akwai tashar da ma'aikata ke bin albashin watanni, na'ura ta tsufa ba a jin ta in ka wuce Ikorodu, sabon ya zo ya biya bashi ya sayo sabuwar na'ura, muryar ta isa har Badagry. Sannan mu ma akwai namu, wasu shirye-shiryen da muke kuka an cire, in ka saurara da gaske rabinsu tallan maganin ƙarfin maza ne da mai warkar da cuta arba'in da kwalba ɗaya, sauran rabin kuma kirarin Alhazan da suka biya. In sabon mai gida ya ce ba ya son wannan a tasharsa ni ba zan ga laifinsa ba, don lafiyar mutanenmu ake wasa da ita. Abin da ke ba ni takaici shi ne ba a tacewa, mai kyau da marar kyau tare ake sharewa.

In an cire mai shiri yakan koma Facebook ko TikTok, wasu ma sun fi samun jama'a a can. Amma akwai abin da ake bari a baya. Sunan shirin na waye, nasa ne ko na tasha? Tsofaffin hirarrakin da aka naɗa da dattawan Zango waɗanda wasunsu sun rasu, suna kwamfutar wa? Sau da yawa ba a taɓa yin maganar ba, sabon injiniya ya zo ya goge don yana buƙatar wuri. Kuma dattijon da ke da ƙaramar rediyo mai batir ba zai bi ka intanet ba, data kuɗi ce. Abin da ya rage masa shi ne Bond FM 92.9 ta gwamnatin tarayya da ke raba lokacinta tsakanin Yarbanci da Ibo da Hausa, sai su BBC da DW da RFI, wadda ma ofishin Hausarta a Legas ɗin yake tun 2007, amma labarin duniya suke bayarwa, ba za su sanar da kai an rufe hanyar Ijora ko an tsinci yaro a Ketu ba.

Ni a ganina abin da mai shiri zai fara yi tun tsohon mai gida na nan shi ne ya nemi a rubuta komai, farashi, lokaci, wa'adin da za a ba shi kafin a canza, da cewa suna da abin da aka naɗa nasa ne, ya kuma riƙa ajiye kwafi a wajensa. Alhazan da ke ba da talla su daina miƙa kuɗi a hannu, su tura ta banki da sunan shagonsu, domin ranar da sabon akanta zai buɗe littafi ya ga awar Hausa tana da masu talla goma sha wani abu da ke biya a kan kari, ba zai yi saurin ba fasto ita ba. Ƙungiyoyin kasuwa kuma, na albasa da na tumatir da na shanu da 'yan canji, in suka haɗa kuɗi suka sayi lokacin shekara guda a dunƙule da sunan ƙungiya, su ne za a kira a zauna da su kafin a taɓa jadawali. Kuma tashar da ta shiga matsi har take neman mai saye, a lokacin ne hannun jarinta ke araha, labarin kuma yakan fara fita ne ta bakin ma'aikatan da ba a biya ba watanni kafin a kammala ciniki. Kuɗin da ke juyawa a Mile 12 kaɗai ya isa a sayi kaso a ƙaramar tasha a samu kujera ɗaya a cikin daraktoci, wanda zai kasance a ɗakin ranar da za a kawo maganar awar dare.